Fararen Tayoyin Bompai

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na zubar da mutuncina da hannuna ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa. Kafin wannan shekara, idan rigima ta tashi tsakanin mai sito da ɗan kwangila a Bompai ko Sharada ko Challawa, ni ake aiko wa mota. In ɗan Labanan ne a ciki in yi masa Larabci, in mai saye ne daga Abijan in yi masa Faransanci, in lauya ya zo da Turancinsa in mayar masa da wanda ya fi nasa tsawo. A ƙarshe kowa ya miƙa wa ɗan'uwansa hannu, domin an yarda cewa abin da na gani shi nake faɗa. Yau kuwa wayata takan wuni a aljihu ba ta yi motsi ba, sai in kamfanin layi ya tuna da ni ya turo talla.

Bari in faɗi ko ni wane ne, don ku san tsawon inda na faɗo. Na bar Kano ina saurayi. Na yi dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda, na yi tafinta a Abijan, sannan na shekara goma sha ɗaya a Marsai ta ƙasar Faransa, a wani kamfani da ba shi da aiki sai wanke rufin manyan ɗakunan ajiya. Da furfura ta cim mini na dawo gida, na sayi injin feshin ruwa da dogayen tsani da tsohuwar a-kori-kura, na kama ofis a Sharada, na ce ni ma rufi zan wanke. An yi mini dariya sosai. Wani ma ya tambaye ni ko ruwan sama ya yi murabus ne. To amma zamani yana tare da ni. Masana'antu sun fara shimfiɗa sola a sama, ita kuwa ba ta son datti. Masu sayen kaya daga waje sun fara turo mutanensu su hau rufi su duba kashin tattabaru kafin su sa hannu a takarda. Ga leda da ganyen darbejiya suna toshe indararo, ruwa ya rasa hanya ya koma cikin sito. Cikin 'yan shekaru na tara ma'aikata goma sha biyu, masu dariyar nan kuma suka fara neman lambata.

Sai dai na dawo da wata cuta, sunanta "a Marsai". Ba na iya kurɓar shayi ban faɗi yadda ake dafa shi a wata ƙasa ba. (Hajiya, maiɗakina, ta taɓa cewa tana tsoron ran da na rasu, ana cikin yi mini wanka in ɗago kai in ce ba haka ake yi a Marsai ba.) Daga can kuma na zo da dokar da maigidana Bafaranshe ya dasa mini a ka. Ka ɗauki hoton rufi kafin aiki da bayan aiki. In mai kaya ya zo da fushi ka bar shi ya yi magana har ya gaji. Amma kome za a yi, kada bakinka ya furta "laifina ne" a wurin da ɓarna ta faru. A can akwai dalilin haka, domin masu inshora ne ke zuwa su yi magana a madadinka. Ni da na kwaso dokar, ban lura cewa na baro masu inshorar a can ba. Har koya wa matasan 'yan kwangila ita nake yi, ina kaɗa yatsa.

Alhaji Garba abokina ne tun muna firamare. Shi ya taro ni a filin jirgi ran da na dawo, shi ya yi waliccin 'yata ta fari, shi kuma ya laƙaba mini sunan Ɗan Faransa, wanda ba mai kirana da shi a gabana sai shi kaɗai. Yana da tsohon sito a Bompai, irin na zamanin gyaɗa, inda yake tara busasshen zoɓo buhu a kan buhu har kusa da rufi, yana jiran tirela ta kai Legas a sa a jirgi. A shekarar da nake ba ku labari ya sami masu saye daga waje, kuma sun ce za su turo mai dubawa. Sai ya kira ni ya ce, "Ɗan Faransa, zo ka yi wa rufina irin wankan nan naka na Turawa, kada a zo a kunyata ni." Damina saura ƙiris a lokacin.

Ranar aikin Alhaji Garba yana Legas wajen maganar jirgi. Wanda muka tarar a bakin ƙofa shi ne Malam Ila, maigadin siton, wani siririn dattijo mai ɗingishi, mutumin wani ƙauye a bayan Challawa. Ya fi shekara ashirin a wurin. Na hau tsani da kaina (ina da shekara sittin da takwas a lokacin, kuma ba wanda ban gaya wa cewa har yanzu ina hawa ba), da na leƙa saman sai raina ya ɓaci. Tsofaffin tayoyin mota ne birjik a kan kwanon, wata a nan wata a can, ba tsari, cikinsu cike da ganye da gashin tsuntsaye. Na ƙirga ashirin da bakwai. Na ɗauki hotuna, sannan na ce wa Musa, shugaban ma'aikatana, a sauke su duka.

Tayar farko na dira ƙasa sai ga Malam Ila ya taho da irin saurin mai ciwon gwiwa. Ya ɗan rusuna ya ce, "Alhaji, ku yi haƙuri. A wanke ko'ina, amma a bar tayoyin nan inda suke. Su ke riƙe da kwanon."

Ya yi mini bayani, ina saurare da rabin kunne. Wai katakon da ke ƙarƙashin kwanon gara ta cinye shi a wurare da yawa, ƙusa ba ta kamawa. Duk inda ya ji kwano yana kaɗawa idan iska ta taso, sai ya nemo taya ya ɗora. Kowace taya da wurinta, kuma duk shekara kafin ruwan farko yakan hau ya gyara musu zama.

Na ce masa na ga rufi a ƙasashe bakwai, ban taɓa ganin inda aka mai da saman sito shagon faci ba. Taya tana tara ruwa, ruwa yana kawo sauro da tsatsa, kuma in mai dubawa ya zo daga waje ya ga wannan, a nan cinikin maigidansa zai mutu. Za mu buga sababbin ƙusoshi masu hula, shi ke nan. Na ƙara da wata magana da Faransanci wadda gara da bai fahimce ta ba.

Ya ce, "Alhaji, ni ban je ko'ina ba. Amma iskar farkon damina ta nan na san ta."

Ya gwada kiran Alhaji Garba sau uku, wayar ba ta shiga ba. Na ce ya koma bakin ƙofarsa, kowa ya yi aikin da ya sani. Ya koma ya zauna a kan bencinsa yana kallon tayoyin suna dira ɗaya bayan ɗaya. Can da rana Musa ya leƙo daga sama da guduma a hannu ya ce, "Alhaji, ƙusar nan fa shiga take kamar a cikin tuwo." Na ce to madalla, aiki zai yi sauri ke nan. (Duk lokacin da na tuna wannan amsa sai in ji ina neman rami in shige.)

Kafin magariba rufin yana walƙiya. Na ɗauki hotunan bayan aiki ta kowace kusurwa. Tayoyin kuwa, har za a kai su juji sai na tuna wani gidan mai a Abijan inda aka shafa wa tsofaffin tayoyi farin fenti aka shuka fure a ciki. Na sa aka loda su a a-kori-kura zuwa Sharada. Aka yi musu fenti, aka jera su a gaban ofishina tun daga bakin ƙofa har gindin famfo, aka cika su da ƙasa da taki, na sayo furanni ja da rawaya aka dasa. Duk baƙon da ya zo sai na fito da shi na nuna masa yadda ake mai da shara abin ado a ƙasashen da suka ci gaba.

Bayan kwana goma sha biyu, ran wata Talata da la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta fara da leda da kwali, sannan ta koma kan allunan talla da rassan itatuwa. Ina tsaye a tagar ofis ina cewa a raina wannan ai ba kome ba ce in aka gwada da iskar tekun Marsai. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya wajen awa guda. Yana ɗaukewa wayata ta yi ƙara. Alhaji Garba ne, ya dawo daga Legas. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka zo."

Titin Bompai ya cushe da tireloli da adaidaita sahu, dole na ajiye mota na taka da ƙafa. Tun daga nesa na ga ruwan kwata ya yi ja. Wani direban tirela ya leƙo ya tambaye ni ko mahauta aka buɗe a layin. Na bi jan ruwan nan har bakin ƙofar siton, daga ƙarƙashinta yake fitowa. Na ɗaga kai. Kusan sulusin rufin babu shi. Kwano ɗaya yana rataye a kan darbejiya, wasu sun faɗa harabar maƙwabta, Allah dai ya kiyaye ba su sari kowa ba. A ciki, buhunan zoɓon sun sha ruwa tun daga sama har ƙasa, suna ta zubar da jini kamar an yanka su. Zoɓon da ya jiƙa kuwa ba mai sayensa, ko a nan balle a waje.

Alhaji Garba yana tsaye a tsakiyar ruwan, farar shaddarsa ta rine har gwiwa. Ya dube ni ya ce, "Ɗan Faransa, me ka yi mini a sama?"

Ba da faɗa ya yi tambayar ba. Tambaya ce irin ta aboki, amsarta kuma kalma biyu ce. Kalmomin suna kan harshena, har ɗanɗanonsu na ji. Sai muryar maigidana na Marsai ta taso mini a ka, mutumin da ya daɗe da mutuwa, wanda ko sunan Kano bai iya faɗa daidai ba. Na gyara tsayuwa na ce, "Sai an bincika tukuna. Rufin nan tsoho ne."

Ya daɗe yana kallona. A bayansa Malam Ila yana jan wani buhu zuwa inda ruwa bai kai ba, bai ko ɗago kai ba.

Kwana tara suka biyo baya, su ne mafi muni a rayuwata, kuma ni na gina su da hannuna. 'Ya'yan Alhaji Garba suka tambayi Malam Ila ina tayoyin da suka saba gani a sama. Ya ce mutanena ne suka sauke. Babban ɗan, Sani, ya kira ni a waya cikin ladabi ya tambaya. Na ce mu dai shara muka kwashe, kuma ba na bin shara in ga inda ta kwana. Daga nan magana ta juya. Aka fara cewa ai Malam Ila ne ya sayar da tayoyin ga masu babbakar ganda tun kafin mu zo, yanzu yana neman wanda zai ɗora wa. Na ji an ce yaran sun gaya masa ya fara haɗa kayansa. Na ji, na yi shiru. Ran kwana na huɗu na buɗe wayata na goge hotunan kafin aiki, ɗaya bayan ɗaya, ina gaya wa kaina wai wayar ce ta cika.

Hajiya ba ta san kome game da rufi ba, amma ta san ni. Ta ga tuwo yana komawa kicin yadda ya fito, ta ga ina rafkanwa a sallah. Ta ce, "Alhaji, ko mene ne, ka je ka faɗa wa Garba. Shekara arba'in ina kallon fuskar nan, ban taɓa ganin ta haka ba." Na ce mata harkar kasuwanci ce, ba za ta gane ba. Ta ɗauke kwanon ta fita.

Za ku ce to tayoyin da ke ƙofar ofis fa? Wallahi ko sau ɗaya ba su zo mini a rai ba. A idona sun daina zama tayoyi tun ran da aka yi musu fenti, sun zama lambu. Ni da kaina nake ba su ruwa kowace safiya, ina tsaye a kansu da buta ina tsara abin da zan faɗa.

Alhaji Garba bai kai ni kotu ba, bai kai ni wajen 'yan sanda ba, ko da yake hedikwatarsu tana nan kusa da shi. Ya ce a zauna gaban Malam Nasiru, wani tsohon alƙali mai ritaya da ke zaune a Nassarawa, wanda duk muke girmamawa. Na yarda, amma na dage a yi zaman a ofishina. Dalilin da na bayar shi ne akwai na'urar sanyi da babbar talabijin ta nuna hotuna. Dalilin gaskiya kuwa, a Marsai an koya mini cewa mai masauki ya fi baƙo ƙarfin gwiwa a wajen jayayya. Wato da bakina na gayyato su.

Suka zo wajen sha biyun rana: Malam Nasiru da sandarsa, Alhaji Garba da Sani, Malam Ila, da wasu masu sito uku na layin, waɗanda kowannensu na taɓa yi masa sasanci. Musa yana tsaye a bakin ƙofa. Na yi bayani na kusan minti arba'in. Na nuna rufin yana walƙiya a talabijin. Na yi lacca a kan gara da yadda take cin katako, na kawo misali da Jidda da Abijan, na jefa kalmomin Turanci inda Hausa za ta wadatar. Ina gani masu siton nan suna gyaɗa kai, domin sun saba gyaɗa mini kai.

Da na gama Malam Nasiru ya ce, "Alhaji, mun ji bayanin gara, Allah ya ƙara sani. Tambayata ɗaya ce. Da kuka hau, kun tarar da tayoyi a kan rufin?"

Na ce a kan tsohon rufi ba abin da ba a tararwa, har mushen kyanwa mun taɓa samu. Ya yi murmushi ya sake tambayar. Na ce ma'aikata ne ke kwasar shara, ni duba aiki nake yi. Ya jingina sandarsa da kujera, ya sake maimaita ta a karo na uku, kalma bayan kalma, ba ƙari ba ragi.

Na ce, "Ban ga taya ba, Malam."

Haka na faɗa. Ina da jikoki tara, na je Makka sau huɗu, na ce ban ga taya ba. Musa ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Sani ya juya ya ce, "To ka ji, Baba Ila."

Malam Ila bai yi musu ba. Ya ce azahar ta kusa, a ba shi izini ya je ya yi alwala. Na nuna masa famfo da hannu, har da cewa akwai buta a gefe. (Har yau ban sani ba ko ya gane tayoyinsa tun shigowarsa ya yi shiru yana ba ni dama, ko sai da ya je alwalar. Ban taɓa samun ƙarfin tambayarsa ba.) Na juya ina zuba wa baƙi shayi, hankalina kwance. Na ɗago na ga kowa yana kallon taga ta bayan kafaɗata.

Malam Ila ne tsugune a gaban furannina. Yana shafa gefen wata taya da babban yatsansa. Ya matsa ga ta kusa da ita ya shafa, ya matsa ga ta gaba. A ta huɗu ya tsaya. Ya rungumo ta da ƙasarta da furenta, ya miƙe da ƙyar, ya taho yana ɗingishi. Musa ya buɗe masa ƙofa. Ya dire ta a tsakiyar kafet ɗina, taki ya watsu har ƙarƙashin tebur.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ku taɓa nan."

Malam Nasiru ya sa tabarau ya sunkuya ya shafa. Layi uku ne da suka haɗu a wuri ɗaya kamar sawun kaza, an ƙona su a jikin robar. Malam Ila ya ce alamar gidansu ce, ita suke yi wa jakunansu tun zamanin kakansa. Da ya fara ɗora tayoyi a sama ana sace masa, sai ya riƙa sa ƙarfe a wuta yana yi wa kowace ɗaya alamar, don in ya gan ta a wajen masu babbaka ya gane kayansa. Fentina ya rufe baƙin robar, amma bai cike ramin ba.

Ya ce, "Wannan ta kusurwar gabas ce, ta kan indararo. Ita na fara ɗorawa, shekarar da aka haifi autata." Sannan ya juyo gare ni, ba fushi ko kaɗan a fuskarsa, ya ce, "Furen dai ya yi kyau, Alhaji."

Butar shayin tana hannuna, na rasa inda zan ajiye ta. A talabijin rufin yana nan yana walƙiya. Ɗaya daga cikin masu siton ya yi tari, wani ya shiga gyaran agogonsa. Ni kuwa jan furen nan kawai nake kallo, yana ta ɗan rawa a iskar na'urar sanyi.

Malam Nasiru ya cire tabarau ya ninke ya ce, "To, ina ganin ba sauran abin da zan yanke. A tashi a yi sallah."

A nan ne abin ya kai ƙarshe. Shi Malam Nasiru a zaune yake sallah saboda ƙafa, kuma duk zaman da aka taɓa yi a ofishin nan ni ake turawa gaba, a matsayin mai wuri kuma dattijo. Da aka shimfiɗa tabarma ƙafata ta fara matsawa da kanta saboda sabo. Ba wanda ya dube ni. Malam Nasiru ya ce, "Malam Ila, bismillah, ja mu." Na tsaya a sahu a bayan mutumin da na so a kora da sunan sata, farin fenti da taki duk a gaban rigarsa. Ban san abin da na karanta a sallar nan ba.

Bayan an idar, sauran suka fita waje suka bar ni da Alhaji Garba. Ya ce, "Zoɓo na Allah ne, shi ya bayar shi ya karɓa. Da ranar nan a cikin ruwa ka ce mini, Garba, ni ne, da mun zauna a kan buhu mun yi baƙin cikinmu tare, mu tashi mu san abin yi. Kwana tara ina jira." Ya sa takalminsa ya miƙe. Sannan ya ce, "Na yafe muku, Alhaji. Amma wanda za ku roƙa yana waje."

Tun muna 'yan shekara bakwai bai taɓa ce mini Alhaji ba, balle "ku".

Na fita na sami Malam Ila a gindin famfo yana wanke rigarsa. Na durƙusa a gaban ma'aikatana na roƙe shi gafara. Ya yi sauri ya kama hannuna ya ɗaga ni, ya ce ya yafe duniya da lahira, abin da yake so kawai a mai da masa tayoyinsa kafin hadari na gaba. Da yammar nan ni da kaina na tuge furannin, na zazzage ƙasar, aka loda tayoyin zuwa Bompai.

Na sayar da injin da a-kori-kurar na sake wa siton katako da kwano a ɓangaren da ya tashi. Alhaji Garba bai nema ba, bai kuma hana ba. Da aka gama, Malam Ila ya zagaya ya duba sabon katako da sababbin ƙusoshi, ya ce masha Allah, aiki ya yi kyau. Washegari ya sa tsani ya mai da tayoyinsa ashirin da bakwai kowace a wurinta. Suna nan har yau, farare tas, ana hango su daga titi. 'Yan adaidaita sahu sun mai da su alama, sai ka ji fasinja ya ce a sauke shi a Farar Taya. Ni kan canza hanya in na zo wajen, ko da zagayen zai ci mini rabin awa.

Abin da ya rage na kamfanin na bar wa Musa. Yana tafiyar da shi lafiya, kuma na ji an ce ko tsohon takalmi ya tarar a kan rufi ba ya ɗagawa sai ya sauko ya tambayi maigadi aikin me yake yi a wurin. In kuma yaransa sun fasa wani abu, shi ke fara kiran mai kaya ya faɗa. Wannan dai ba a wurina ya koya ba, sai dai a kaina. Ni darasin ya zo mini a lokacin da ba sauran rufin da zan hau: na zagaya ƙasashe bakwai don in koyi yadda ake kare kai a jayayya, alhali abin da ake bukata a Bompai kalma biyu ce da na iya tun ina yaro.

Muna haɗuwa da Alhaji Garba a ɗaurin aure da jana'iza. Yakan miƙo mini hannu biyu, ya tambayi Hajiya da jikoki, ya yi mini addu'a mai kyau, ya wuce. Tun daga ranar nan ba a sake aiko mini mota don sasanci ba, kuma ba wanda ya sake kirana Ɗan Faransa.